Kyanwa Ma Tana Ɗaukar Karatu

An daɗe ana yi wa kyanwa kallon dabbar da ba ta jin magana, wai sai abin da ta ga dama take yi. Amma tun a 1898 wani masani a Amurka, Edward Thorndike, ya riƙa rufe kyanwoyi cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Yau da gobe sai suka gane sakatar, lokacin da suke ɓatawa kafin su fito ya yi ta raguwa. Ashe ƙwaƙwalwa na nan, hanyar koyarwa ce ba a iya ba.

Masu horar da dabbobi suna amfani da wata 'yar na'ura, ba ta wuce kwalin ashana girma ba, wadda in an danna ta sai ta yi ƙas. Wani masani, B. F. Skinner, ya bayyana dabarar a 1951, Karen Pryor kuma, wadda ta yi horon dolfin a Hawai, ta yaɗa ta bayan littafinta na 1984. Wanda bai da na'urar, biro mai dannawa ya wadatar.

Da farko sai a danna, a miƙa wa kyanwa ɗan guntun dafaffen kifi ko kaza, a maimaita har ta san cewa ƙas na nufin lada na tafe. Kilishi dai kada a fara, domin albasa da tafarnuwar da ake sa masa guba ne ga kyanwa. Daga nan a kawo tsinke kusa da ita. Son bin diddigi zai sa ta shinshina shi, kuma a daidai lokacin da hancinta ya taɓa ake dannawa.

Nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. In zama kake koya mata, ta zauna, kai kuma ka tsaya laluben kifi har ta miƙe kafin ka danna, to miƙewa ka saka mata, kuma ita za ta maimaita maka. Duka da tsawa kuwa ba abin da suke koya mata sai gudunka.

Minti biyu zuwa uku kafin cin abinci ya isa zama ɗaya. In ta juya baya ta kama lasar jiki, an tashi makaranta ke nan. Koya mata miƙa hannu a gaisa abin nishaɗi ne, amma ni na fi ganin amfanin a koya mata shiga kwandonta da ƙafarta, saboda ranar zuwa wurin likitan dabbobi.