Damina a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Da zarar hadari ya haɗo daga gabas a watan Agusta, 'yan kasuwar Tarauni da ke Kano sai su shiga ɗage buhunan shinkafa da fulawa suna ɗorawa kan benci. A lungunan Gyaɗi-Gyaɗi kuwa, magidanta ke jera buhunan yashi a bakin zaure, masu Adaidaita Sahu na neman hanyar da ruwa ba zai kashe musu inji ba.

Nan ba a san girgizar ƙasa ba, teku kuma na can nesa. Igiyar tsunami da ta ci rayuka sama da 200,000 a Indunusiya da maƙwabtanta a Disambar 2004, labarinta kawai aka ji a rediyo. Jarrabawar Kano ita ce ambaliya. Dattawa ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, haka 'yan kasuwar Kantin Kwari da ruwa ya jiƙa musu dilolin atamfa da shadda a daminar 2022.

A da, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ke shanye ruwan unguwa. An cike da yawansu da shara, an yanka filaye, an gina shaguna. Kwatocin da suka rage kuma ledar fiya-wata da robobi sun toshe su. To ina ruwa zai nufa in ba ɗakin mutane ba?

Asarar ba ta tsaya kan katangar da ta zube ba. Mai shago ya yi kwantai, tela ya wuni bai taka keke ba, mai shayi ya tashi da wuri. Idan masai ya cika ya malala cikin rijiya, amai da gudawa ke biyo baya. Ruwan da ya kwanta ya tara sauro, kuɗin cefane ya koma na magani.

Ruwan sama rahama ce daga Allah, amma toshe masa hanya aikin hannunmu ne. Masu unguwanni da matasa su fito aikin gayyar yashe kwata tun kafin ruwan fari, hukuma kuma ta hana gini kan magudana, kowane ne mai ginin.