Yadda A Ke Tsinka Fenti Don Ƙananan Jiragen Ƙasa

A Ingila akwai mutane da yawa, yara da dattawa, waɗanda abin sha'awarsu shi ne ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu kama da na gaske, su shimfiɗa musu dogo a kan tebur, su riƙa gudu da lantarki. Awon da ya fi yaɗuwa a can shi ne wanda a ke kira OO, wanda ya bunƙasa bayan da kamfanin Meccano na Libaful ya fito da jiragen Hornby Dublo a 1938. A wannan awo, kowace ƙafa guda ta jirgin gaske a kan mai da ita milimita 4, watau kashi 1 cikin 76. Mashahurin kan jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Donkasta a 1923, tsawonsa wajen ƙafa 70 ne, amma ƙaraminsa inci 11 ne kawai.

To, kome na jirgin ya kan ragu, ban da fenti. Idan mutum ya shafa fenti mai kaurin takardar rubutu, watau kashi 1 cikin 10 na milimita, daidai ya ke da a lafta wa jirgin gaske fenti mai kaurin kusan sulusin inci. Kan ƙusa kuwa mai faɗin inci guda, a jikin ƙaramin jirgi sulusin milimita ne. Saboda haka shafa ɗaya mai kauri ta isa ta binne ƙusoshi da bututai, aikin watanni ya lalace cikin minti biyar.

Maganin wannan yana cikin sanin abin da fenti ya ƙunsa. Abu uku ne: garin launi, da danƙon da ke riƙe garin a jikin abin da aka shafa, da ruwan da ke ɗauke da su. Bayan an shafa, ruwan ya kan bi iska, ya bar launi da danƙo. In an ƙara ruwan, abin da zai saura sai ya ragu, fentin kuma ya sami damar bajewa ya kwanta sumul kafin ya bushe.

Kowane fenti da irin ruwansa. Fentin mai, irin na Humbrol da ke zuwa a 'yan gwangwanaye, a kan tsinka shi da wani farin mai dangin kananzir. Fentin akirilik kuwa da ruwa a ke sirka yawancinsa. In aka haɗa wannan da ruwan wancan, sai ya guntse kamar nonon da ya yi tsami. Akwai kuma tina mai ƙarfi irin ta masu fentin mota, wadda ta kan ci jikin jirgin roba.

Kafin a fara, a kan wanke jirgin da sabulu da ruwan ɗumi, gama maiƙon yatsa kaɗai ya kan hana fenti kamawa. In na tagulla ne, sai an yi masa shimfiɗa da wani fenti mai ɗan cin ƙarfe, in ba haka ba launin ya riƙa ɓarewa. Sa'an nan a motsa fentin sosai, don garin ya kan kwanta a gindin gwangwani. A ɗiba kaɗan a wani mazubi, a riƙa ɗiga ruwan har ya yi tsararo kamar madara.

Mai aiki da buroshi ya kan ja shi ta fuska ɗaya, ba ya komawa kan wurin da ya fara bushewa. Mai 'yar bindigar feshi kuwa ya kan riƙe ta kamar inci 4 zuwa 6 daga jirgin, hannunsa yana tafiya ba tsayawa. Fentin da kansa ya kan nuna kuskure. In ya yi kauri, sai ya fito da gurzai kamar ɓawon lemo. In ya tsinke da yawa, sai ya zuba ya taru a lunguna. In an yi nisa da bindigar, ɗigon ya kan bushe a iska ya sauka kamar rairayi.

Shafa ta fari ba ta rufe jirgin, kuma ba a so ta rufe. A kan yi uku ko huɗu marasa kauri, ana jira kowace ta bushe. Akirilik ya kan sha iska cikin 'yan mintoci, amma na mai yana bukatar kamar awa 6 kafin a ƙara, gwamma ma a bar shi ya kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na ƙarshe, tururin waɗannan mayuka yana cutar huhu, yana kuma kama wuta. Sai a buɗe tagogi, a nisanci fitila da murhu, mai feshi kuma ya rufe hanci da baki da abin tace iska. Sai wani mako.