Dikodarka ba ta mutu ba, rubutun cikinta ne ya gurɓace

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, saboda waɗanda suke daji da dabbobi ko kan hanya ba su samu saurara ba.

Kai mai dikoda ko ƙaramar talabijin ta sola, ka san wannan ciwon: ka kunna, fitila ta kama, sai ta tsaya a kan rubutun farko, ba gaba ba baya. Ka ɗauko ta ranar kasuwar Gushegu, a ce maka sai dai sabuwa. To, dakata tukuna.

A cikinta akwai wata 'yar baƙar aisi mai ƙafa takwas, girmanta kamar ƙwayar wake. Ita ce allon na'urar, abin da aka rubuta mata yana nan ko an cire wuta. Idan batir ya yi ƙasa, ko wuta ta ɗauke lokacin da dikodar ke sabunta manhajarta, sai rubutun ya gurɓace alhali komai na jikinta lafiya lau. Maganin shi ne a wanke allon a sake rubutawa, abin da masu gyara ke kira filashin.

Ka duba lambar da ke bayan aisin. Mai farawa da 24C ƙarama ce, 24C02 bayit 256 kaɗai take ɗauka, saiti take riƙewa. Mai 25Q ita ke riƙe manhajar gaba ɗaya: 25Q32 megabayit 4, 25Q64 kuma 8.

Na'urar karanta 24C, yaronka mai son taɓe-taɓen waya zai iya haɗa ta a gida da allon Arduino Nano. Ɗigon da ke kan aisin shi ke nuna ƙafa ta 1. Ƙafa ta 8 a ba ta wuta bolt 5. Ta 4 a kai ta nagatif, haka ma 1, 2, 3 da 7. Ta 5 ta tafi A4, ta 6 ta tafi A5, kowacce a ɗaura mata rizista mai kilo-om 4.7 zuwa wuta. Shi ke nan, sauran aikin na kwamfuta ne.

Ita 25Q, gaskiya gara a sayi CH341A, wadda ake sokawa a USB, tare da ɗan matsewinta mai kama ƙafafun aisi. Amma a kula: 25Q bolt 3.3 take so, kuma baƙar CH341A da ta cika kasuwa tana tura kusan bolt 5 a layukan rubutu sai an gyara ta. Wasu aisin ma bolt 1.8 ne, dole sai da adafta, in ba haka ba su ƙone.

Abin da za ka tsaya a kai wajen mai gyara, ko a Yendi ko a Salaga, guda ne: ya karanta tsohon rubutun sau biyu, ya ajiye shi a kwamfuta, sannan ya goge. Idan ya goge bai ajiye ba, kuma fayil ɗin da ya zuba bai dace ba, babu wurin komawa. Fayil kuwa lambar allon ciki ake bi, ba sunan da ke jikin akwati ba, don dikoda biyu da ka sayo a Sinkase suna iya zama suna ɗaya, ciki daban.

Sai ku 'yan kasuwar Bawku masu sayen mota ta hannu daga Lome. A motoci da yawa, lissafin kilomita yana cikin irin wannan aisi ne, kamar 93C46 ko 93C56, kuma irin wannan na'ura ce marasa tsoron Allah ke rage shi da ita. Kada lambar mita ta ruɗe ka. Duba robar birki da ta kuloci, duba sitiyari da kujerar direba, ka ga yadda suka ci, sannan ka yi tayi.