Auna Faɗin Gonaki Daga Sama: Abin Da Ɗan Kasuwar Hatsi Ya Kamata Ya Sani

GOMBE – Da zarar an fara girbin masara a watan Satumba, 'yan kasuwar hatsi na unguwar Herwagana da takwarorinsu na kasuwar Tudun Hatsi sukan fuskanci tambaya guda: buhu nawa za a saya a ajiye a sito, kuma a kan wane farashi? Amsar ta dogara ne ga yawan amfanin da za a samu a ƙasa baki ɗaya, shi kuwa yawan amfani lissafi ne na abu biyu, watau faɗin gonakin da aka shuka da kuma abin da kowace hekta ta bayar. Na biyun ana iya kimanta shi da ido idan aka shiga gona. Na farkon ne ke da wuyar sani, kuma a nan ne kuskure ya fi ɓuya.

Wannan ba magana ce ta malaman jami'a kaɗai ba. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na tsawon kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas a kasuwannin Arewa, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye kuwa suka tafka asara. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma gwamnatin da ta buɗe ƙofa da ɗan kasuwar da ya cika sito duk sun yanke shawara ne bisa zaton yawan abin da aka noma. Idan zaton ya karkace da kashi 15 cikin ɗari, jarin mutane da yawa ne zai karkace tare da shi.

Ƙasar Gombe ba baƙuwa ba ce ga aikin auna gonaki. A 1975 aka kafa shirin raya aikin gona na Gombe da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya, tare da na Funtuwa da Gusau. Ma'aikatan ƙididdiga na waɗannan shirye-shirye sukan zagaya gona da igiyar awo da na'urar nuna gabas da yamma, sa'an nan a yanke amfanin wani ɗan yanki a ɗora a sikeli. Hanya ce mai kyau, sai dai tana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ba ta ɗore yadda ake so ba.

Hanyar da ta fi araha ita ce a tambayi manomi. Matsalarta ita ce manomi ba ya lissafin gonarsa da hekta. Ya san dami nawa take bayarwa, ya san mudun iri nawa take ci, ya san kwana nawa shanun huɗa suke yi a cikinta. Tun daga 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da haɗin gwiwar Bankin Duniya, take auna gonakin gidajen da take bincike da na'urar GPS, kuma irin wannan awo a ƙasashen Afirka da dama ya nuna abu ɗaya: mai ƙaramar gona yakan ƙara mata faɗi, mai babba yakan rage. A ƙasar da mafi yawan gonaki ƙanana ne, wannan kuskure ba ya kashe kansa, taruwa yake yi. Har ila yau, ƙidayar aikin gona ta ƙasa da aka yi a 2022, wadda ta gano gidaje miliyan 40.2 masu sana'ar noma, ita ce ta farko tun ta 1993 zuwa 1994. A tsakanin nan an fi dogara ne ga rahoton damina da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, take fitarwa kowace shekara, wanda ya dogara sosai ga alƙaluman da hukumomin jihohi suka tattara.

To, ina tauraron ɗan Adam ya shigo? Ganyen shuka mai lafiya yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani. Na'urar da ke jikin tauraro tana auna duka biyun, ta haka ake bambanta gona mai tsiro da fako ko dutse ko ruwa. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta saye alkamarta mai ɗimbin yawa cikin araha, saboda Amurkawa ba su san girman ɓarnar da ta sami noman Sobiyet ba. Bayan shekara biyu hukumar NASA da ma'aikatar gona ta ƙasar suka fara gwajin kimanta alkamar wasu ƙasashe daga sama. Wato ke nan tun asali ciniki ne ya haifi wannan fanni. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, da NigeriaSat-2 a 2011, amma hotunan da aka fi aiki da su a yau su ne na Landsat, waɗanda suka zama kyauta a 2008, da na Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015.

Abin lura shi ne hoton tauraro tarin ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana wakiltar wani murabba'i a ƙasa. Na Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi, saboda haka hekta ɗaya ɗigo 11 ce kacal. Na Sentinel-2 mita 10 ne, hekta ɗaya ɗigo 100. A ɗauki gayaunar da ba ta wuce rubu'in hekta ba, mita 50 kowane gefe. A hoton Sentinel-2 ɗigo 25 ce, amma 16 daga ciki suna kan iyaka ne, inda hasken gonar ke iya gauraya da na maƙwabciyarta ko na burtali. Ɗigo 9 ne kaɗai suka zauna daram a ciki. A Landsat kuwa da ƙyar a sami ɗaya. Gonar alkama a Amurka tana iya kai ɗaruruwan hekta da shuka iri ɗaya, don haka dabarar da ta yi aiki a can ba lalle ta yi a Akko ko Kwami ko Yamaltu-Deba ba.

Ƙanƙantar gona ma ita ce ƙaramar matsalar. Manominmu yakan haɗa gero da dawa a gona ɗaya, ya ratsa wake ko gyaɗa a tsakani, kuma waken sai tsakiyar damina yake shiga. Wace shuka ce za a rubuta wa wannan gona? Idan an ba kowace shuka faɗin gonar duka, jimlar za ta wuce faɗin ƙasar da ake da ita. Idan an raba, da wane ma'auni? Wannan hukunci ne da masu ƙididdiga suke yankewa a ofis, ba tauraro ba, kuma rahotanni biyu suna iya saɓawa ƙwarai don kawai sun yanke shi daban. Ga kuma ɗorawa da kaɗanya da kuka da ke tsaye a tsakiyar gonaki suna rufe abin da ke ƙarƙashinsu. Gawo ne kaɗai ke yi wa masu binciken adalci, tun da da damina yake zubar da ganye. Saurar da ciyawa ta rufe tana kama da gona, masara da dawa da gero kuwa 'yan gida ɗaya ne a idon na'ura. Abin da ke bambanta su shi ne lokaci: gero yakan nuna da wuri, dawa sai Nuwamba ko Disamba. Don haka ana bukatar jerin hotuna na damina duka. Sentinel-2 yana dawowa wuri ɗaya kusan kowane kwana 5, amma a lokacin marka, cikin Agusta, gajimare yana iya rufe hotuna da yawa a jere. Tauraron Sentinel-1 yana aiki da rada wadda ke ratsa gajimare, sai dai fassara hotunansa ta fi wuya.

Daga waɗannan hotuna kwamfuta ke zana taswirar da ta ce nan masara, nan dawa, nan daji. Kuskuren da ya fi yawa, har a rahotannin da aka kashe wa kuɗi, shi ne a ƙidaya ɗigon masara a ninka da faɗinsa a ce an sami adadi. A ɗauki misali na lissafi kawai. A ce taswira ta nuna hekta 100,000 na masara a yanki mai hekta miliyan 1. An je ƙasa an duba wuraren da ta kira masara, an tarar 70 cikin 100 ne masara da gaske, watau hekta 70,000. An kuma duba sauran hekta 900,000 da ta ce ba masara ba ce, an tarar 5 cikin 100 masara ce, watau hekta 45,000. Adadin gaskiya ya zama 115,000. Taswirar ta yi daidai a fiye da kashi 90 cikin ɗari na faɗin yankin, duk da haka ta ɓoye hekta 15,000 na masara. Mai sayar da irin wannan taswira zai faɗi kashi 90 ɗin da babbar murya, kuma bai yi ƙarya ba.

Maganin abin sananne ne ga duk wanda ya taɓa sayen hatsi. Ba wanda ke zazzage buhu 300 kafin ya biya, amma ba wanda zai yarda mai kaya ya zaɓa masa buhun da za a soka. A aikin gona ma haka ne: ana zaɓen wurare ta hanyar ƙuri'a a kan taswira, a ba ma'aikaci lambobinsu a na'urar GPS, ya je daidai wurin ya rubuta abin da ya gani. Tun wajen 1940 masanin ƙididdiga na Indiya, Mahalanobis, ya nuna a gonakin ramar Bengal cewa samfur kaɗan da aka zaɓa bisa ƙa'ida ya fi ƙidayar kowa da kowa da aka yi da garaje. Sharaɗin shi ne a je inda ƙuri'a ta faɗa. Ma'aikacin da ya tsaya a gonakin bakin titin Kumo ko na Dukku don babu man babur ya soki buhun saman mota ne kawai, kuma gonakin bakin titi sun fi samun taki da kasuwa, sun fi karkata ga masara.

Yawan samfur yana da nasa lissafi. Idan an duba wuri 400 aka tarar rubu'insu masara ce, adadin gaskiya yana tsakanin kashi 21 da 29 cikin ɗari. Don a rage wannan tazara da rabi sai an duba wuri 1,600, ninki huɗu ke nan. A nan ne taswirar tauraro ke biyan kuɗinta. Tana ware daji da duwatsu da ruwan madatsar Dadin Kowa, inda babu bukatar tura mutane da yawa, tana nuna inda gonaki suka taru, kuma idan aka haɗa ta da abin da aka gani a ƙasa tazarar kuskure tana raguwa ba tare da an ƙara ma'aikata ba. Ita kanta Amurka, da duk taurarinta, ta shafe shekaru masu yawa tana tura ma'aikata gonakin da aka zaɓa a watan Yuni.

Adadin da ya dace da jiha ɗaya ba ya dacewa da kowace ƙaramar hukuma. Wuri 400 idan an raba su ga ƙananan hukumomi 11 na Jihar Gombe, kowace za ta sami ƙasa da 40, wanda bai isa a gina shawarar ciniki a kansa ba. Banki ko kamfanin inshora ko dillalin taki da aka kawo wa adadin Nafaɗa ko Balanga yana da haƙƙin tambayar wuri nawa aka taka a can, wa ya zaɓe su, da kuma tazarar kuskuren. Haka nan ya tambayi watan da aka yi aikin, domin gonar da aka ƙidaya a Yuli a bakin kogin Gongola ambaliya tana iya cinye ta a Satumba, kuma faɗin da aka shuka ba shi ne faɗin da aka girbe ba. Rahoton da ya fito a Janairu yana da amfani ga mai tsara kasafin kuɗi, amma ɗan kasuwar Herwagana a Oktoba yake zuba jarinsa.