Shin Ko Kun San? Shuɗi da Ruwan Ƙasa a Bangon Ɗaki

• Shin ko kun san ruwan ƙasa na cikin launukan farko da ɗan Adam ya shafa wa bango? Daga ƙasa mai tsatsar ƙarfe ake samunsa, in an gasa ta kuma sai ta ƙara ja.

• Tun kafin zuwan fentin gwangwani, maginan ƙasar Hausa na jiƙa makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, su yi yaɓe da daɓe. Ga launi mai duhu, ga kariya daga ruwan sama.

• Shuɗi kuwa a da sai mai hannu da shuni. Daga duwatsun Badakshan na Afganistan ake haƙo dutsen da ake niƙawa a samu mafi kyawunsa, har akwai lokacin da ya yi gogayya da zinariya wajen tsada a Turai. Sai a shekarun 1820 wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Guimet, ya haɗa irinsa mai araha.

• A 2009 masana a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka suka gano sabon shuɗi, YInMn, mai mayar da zafin rana maimakon ya tsotse shi.

• Babu ruwan ƙasa a bakan gizo. Ruwan goro ne da ya yi duhu, shi ya sa yake fito da kyan shuɗi in an haɗa su.

• Shuɗi mai haske kan sa ƙaramin ɗaki ya zama kamar yana da faɗi. Ruwan ƙasa mai duhu na shanye haske, ya fi dacewa da babban falo mai tagogi.

• Wajen ɓoye ƙurar hunturu da dattin hannun yara kuwa, ruwan ƙasa mai haske ya yi wa shuɗi fintinkau.

• Ƙwan lantarki ma na da ta cewa: mai hasken rawaya na dusashe shuɗi, amma yana ƙawata ruwan ƙasa.

• Kamfanin Pantone ya zaɓi shuɗi a matsayin launin shekarar 2020, ruwan ƙasa kuma a 2025.

Don haka kafin ku sayi bokitin fenti, ku sa mai fenti ya ɗan shafa kowanne a bango, ku bari ya bushe, ku duba da rana, ku duba da dare. Hasken ɗakinku da ƙurar unguwarku su ne alƙalai, ba hoton da ke jikin bokiti ba.