Tiyub ɗin Keke a Ƙarƙashin Garmaho

Duk wanda ya taɓa ƙure sautin rediyo a ɗakin da aka jera tangaran cikin kabad ya san abin. Ganga na bugawa, kofuna na amsawa, gilashi na kakkarwa. Sai a ɗora wa lasifika laifi, alhali aikinta take yi. Yayin da take tura iska, akwatinta ma jijjiga yake, jijjigar ta bi ta gindinsa ta shiga teburi, teburin ya zama wata lasifika ta biyu wadda ba ta iya waƙa ba.

Garmaho ne ya fi shan wahala. Allurarsa tana bin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da ke cikin layin faifai, ba ta kuma bambance motsin waƙa da motsin teburi. Ta kwashi jijjigar lasifika ta mayar wa lasifikar, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta dawo da ita, har ɗaki ya cika da gunji. Wannan ne ya sa a 1961 Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research a Amurka ya fito da garmahon da farantinsa da hannun allurarsa ke lilo a kan sifirin guda uku. Har guduma suke buga wa jikinsa wajen talla, allurar ba ta tsallake layi.

Dabarar tasa ita ce ta kowa: abu mai nauyi a kan abu mai laushi. Sai dai laushin yana da lissafi, kuma nan mutane ke kuskure. Duk nauyin da aka ɗora kan roba ko sifirin yana da saurin lilonsa, kuma kariya ba ta farawa sai jijjigar da ke zuwa ta fi wannan saurin da kusan ninki ɗaya da rabi. Idan nauyin ya lotsa robar da santimita 1, lilon zai kama kusan sau 5 a daƙiƙa, ƙasa sosai da sau 20 inda jin ɗan Adam yake farawa. Idan milimita 1 kawai ta lotsa, lilon ya haura kusan sau 16, wato ya matso bakin sautin ganga, yana iya ma ƙara ɓarnar. Robar da ba ta lotsa ba kwalliya ce. Soson da ya baje kamar waina shi ma ya tashi aiki.

Shi ya sa nake fifita tiyub ɗin ƙaramin keke. A karɓo wajen mai faci, a hura masa iska kaɗan, gwargwadon yadda zai ɗaga kaya ba tare da ya yi tauri ba. A kwantar da shi a teburi, a ɗora falle na marmara ko katako mai kauri, sannan garmaho a sama. A duba ko ya zauna daidai, domin ɓangaren da injin yake ya fi nauyi. Ƙwallon tanis da aka raba biyu, guda uku ko huɗu, ya wadaci ƙananan lasifikoki. Akwatin busasshen yashi da katako kwance a kansa yana shanye kakkarwa, amma ba ya tare bugu mai zurfi kamar tiyub.

Ƙusoshin ƙarfe masu tsini da ake sa wa ƙafar lasifika kuwa kafe ta suke da ƙasa, ba raba ta suke ba. A daɓen siminti irin na yawancin gidajenmu hakan ba laifi. A benen katako irin na Turai sai maƙwabci na ƙasa ya sha kiɗa. Amfilifaya ta zamani da waƙar da ke fitowa daga waya ba su damu da jijjiga ba, kada a ɓata musu ko sisi.

Tiyub yana sacewa a hankali, zafi kuma yana cin roba. Duk bayan 'yan makonni a danna katakon da yatsa: in ya yi lilo a natse, lafiya, in ya tsaya ƙyam, a ɗauko famfo.