Yadda Na Gyara Ƙarzon Fentin Motar Mahaifina

A hutun zango na biyu da ya wuce, ran wata Asabar da la'asar, na shigo gida a guje bisa keke, sai hannun birki ya ƙarji ƙofar baya ta motar mahaifina. Motar tsohuwar Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma Baba ko kaza ba ya bari ta hau kanta. Ƙarzon ya kai taƙi guda, a ƙarshensa kuma fenti ya ɓantare kamar girman ƙwayar gyaɗa, har ƙarfe ya fito.

Bayan magariba na je na durƙusa na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara, kuma kafin ruwa ya sauka." Washegari ya tura ni wurin wani dattijo mai fentin motoci a unguwarmu. Abin da na koya a wurinsa shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko ya nuna mini cewa fentin mota hawa-hawa ne. Akwai fentin shimfiɗa, yawanci ruwan toka, wanda ke kama ƙarfe. A kansa ake zuba mai launi. Motocin zamani kuma suna da na uku, mai sheƙi garai-garai kamar gilashi. Saboda haka kafin ka sayi kome, sai ka san inda ƙarzon ya tsaya. Ka wanke wurin, ka ja farce a kai. In farcen ya wuce sumul, abin a sama yake, man goge mota da tsumma mai laushi sun isa. In ya sarƙe, to, sai fenti.

Ni dai launi ne ya dame ni, amma dattijon ya ce, "Yaro, tsatsa ce abin tsoro." Nan na tuna da ƙusar da malaminmu na kimiyya ya sa a kwalba: ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Fenti shi ke raba su. Da zarar ƙarfe ya tsiraita, tsatsa takan bi ta ƙarƙashin fentin da ke kewaye, ta kumbura shi, wata rana sai ka tarar ƙofa ta huje. Shi ya sa Baba ya ambaci ruwa.

Aikin kansa ga yadda na yi shi. Na wanke wurin da sabulu, na bari ya bushe sarai. Na yanki samfefa mai lamba 600 kamar faɗin yatsa, na goge ƙarfen har ya yi haske. A lura, yawan lambar samfefa, yawan laushinta. Mai kaushin da kafinta ke aiki da ita ɓarna za ta ƙara. Daga nan na ɗiga fentin shimfiɗa da tsinken ashana, domin buroshi ya yi wa wurin girma. Fenti mai launi kuwa, yawancin motoci suna ɗauke da lambarsa a jikin ginshiƙin ƙofa ko a wajen injin. Mai sayarwa ya haɗa mini 'yar kwalba guda.

A nan ne na yi wauta. Don in gama da wuri, na lafta fentin da kauri, a cikin rana tsaka kuma, ƙarfe ya ɗauki zafi. Sama ya bushe, ciki ɗanye, ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Dole na sa tina na goge, na koma farko. Daidai shi ne a yi aikin a inuwa da sassafe, sa'ad da babu ƙura, a shafa kaɗan-kaɗan, a jira kamar rabin awa tsakanin shafi da shafi. Sai da na yi sau huɗu kafin ramin ya cika. Tina kuwa tana kama wuta nan da nan, kada a buɗe ta kusa da murhu ko cikin ɗaki a rufe.

Na bar shi mako guda ya yi tauri, sa'an nan na jiƙa samfefa mai lamba 2000, na lallaɓa tudun har ya daidaita da sauran jiki, na bi da man gogewa.

In ka tsaya daga nesa ba za ka ga kome ba. In ka matso, sabon fentin ya ɗan fi tsohon haske, gama rana ta daɗe tana cin tsohon. Ran da zan komo makaranta Baba ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce, "Ba laifi. Amma daga yau a ƙofar gida za ka riƙa sauka daga keken nan."